Malama Duk-Daidai da Yaran da Aka Tankaɗe

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Malama Duk-Daidai, Allah ya jiƙanta da rahama, a shekarar 1946, a wata unguwa da ke bayan tashar jirgin ƙasa, a gidan haya mai ɗaki biyu da rijiya a tsakar gida. Mahaifinta mai gyaran kekuna da fitilu ne, yana da rumfa a bakin titin da ya gangara kasuwa. Mahaifiyarta tela ce, wadda da keken ɗinkinta na hannu ta tufatar da rabin yaran unguwar. Ita ce ta uku a cikin 'ya'ya shida, kuma mace ta farko. Shi wannan suna na Duk-Daidai ɗalibai ne suka laƙaba mata daga baya, ya kuwa bi ta har ƙarshen rayuwarta. Idan muka zo wurin za a ji dalili.

Waɗanda suka san ta tana ƙarama sun ce ba su taɓa ganin yarinya mai tambaya irinta ba. Kullum tana tsugune a rumfar mahaifinta tana kallon hannunsa. Me ya sa famfon keke yake ɗaukar zafi idan ana hura taya? Me ya sa fitila take mutuwa idan an kife ta da kwano? Idan ta ishe shi sai ya ce, "Uwata, ki bar bakin nan ya huta, miƙo mini sifana." Amma mutumin kirki ne: abin da ya sani yakan faɗa mata, abin da bai sani ba yakan ce ta je makaranta ta tambayo musu su biyun.

Karatu

An sa ta firamare a 1953, ta shiga sakandare a 1960. To, a wancan zamani akwai wani tsari a makarantun yankin, wanda malamai ke kira tankaɗe. Idan ɗalibai suka kai ƙarshen aji uku, sai a yi musu jarrabawar kimiyya guda ɗaya, wadda gaba ɗayanta ma'anonin kalmomi ne da sunaye, a rubuto su yadda suke a littafi, ba ƙari ba ragi. Bayan an duba sai a ja layi. Wanda ke saman layi ya ci gaba da kimiyya. Wanda ke ƙasa an cire shi ke nan har abada, ko ƙofar ɗakin gwaje-gwaje ba zai sake takawa ba, balle ya yi mafarkin zama likita ko injiniya. Yaro ɗan shekara goma sha biyar, a yanke masa hukuncin rayuwarsa da safiya ɗaya.

A 1962 aka tankaɗe ta. An tambaye su ma'anar tafasa, ita kuwa maimakon layin nan ɗaya na littafi, sai ta cika shafi da bayanin dalilin da ya sa tukunya mai murfi take riga marar murfi tafasa. Malamin ya rubuta mata a gefe cewa ba abin da aka tambaye ta ke nan ba. Ƙanwarta, wadda har yanzu tana raye, ta ce ba ta yi kuka a gaban kowa ba, amma ta yi kwanaki ba ta leƙa rumfar mahaifinsu ba.

Ta kammala sakandare a ɓangaren adabi a 1964, ta shiga kwalejin horar da malamai, ta fito a 1966 ta fara koyarwa a wata firamare. Sai dai zuciyarta ba ta saki kimiyya ba. Da littattafan aro ta riƙa karantar da kanta bayan an tashi daga aiki, tana shirin zana jarrabawar da ake yi wa waɗanda ba sa makaranta.

Aure da iyali

A 1967 ta auri wani ma'aikacin hukumar ruwa, mai kula da injinan turo ruwa cikin gari, mutum dogo mai sanyin magana da yawan barkwanci. Shi ne ya riƙa ɗaukar ta a babur zuwa wurin jarrabawar. Ta zana ta faɗi, ta sake zanawa ta sake faɗuwa, a karo na uku, a 1969, ta ci da goyon ɗanta na fari a baya. A 1970 ta shiga jami'a, ta karanci ilimin sinadarai da koyarwa, ta fito a 1973 da digiri da kuma ƙarin 'ya'ya biyu. Maigidan yakan ce shi ma ya kamata a ba shi rabin takardar, tunda shi ya yi digiri a wankin yara.

Allah ya ba su 'ya'ya shida, ɗaya ya rasu yana jariri. Gidansu gida ne na gardama mai daɗi. Maƙwabta sun saba jin ana musu a tsakar gida a kan ko ƙanƙara ta fi ruwa nauyi, har sai an ɗebo bokiti an gwada.

Fara koyar da kimiyya

A 1974 aka tura ta wata babbar sakandare ta maza da mata a gefen gari. Shugaban makarantar dattijo ne mai tsare gida, ba ya wasa da aiki, ɗalibai na kiransa Jan Biro saboda wanda ke maƙale a aljihun rigarsa ko da yaushe. Shi da kansa yake jan layin tankaɗe duk shekara, kuma ya yi imani tsakaninsa da Allah cewa adalci yake yi: ɗakin gwaje-gwaje ɗaya ne, kayan aiki kaɗan, dole a ba wa waɗanda suka fi cancanta.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, yanzu ita ce take duba takardun. Shekara biyar tana miƙa wa shugaba makin da za a ja layi a kai. Tana ganin yaron da ya gyara mata ma'aunin da ya lalace a aji ya faɗa ƙasan layi. Tana ganin yarinyar da ta tsayar da darasi da tambayar da ita kanta Malama sai da ta je ta bincika, ita ma ta faɗa. Ta yi magana a taron malamai, aka ce mata tausayi ne irin na uwa. Daga nan ta gane cewa magana ba za ta yi ba, sai ta zo da awo.

Jarrabawar da ba ta da kuskure

A 1978 ta koma jami'a neman digiri na biyu, tana yi tana koyarwa. A can ta karanta cewa wasu masana sun taɓa gwada auna irin bayanin da ɗalibi ya fi karkata gare shi a kimiyya, ba yawan abin da ya sani ba. Sai ta zauna ta tsara nata, da misalan da yaranta suka sani.

Ga yadda yake. Za a kawo batu ɗaya, a ce tsatsa, sai a jera magana huɗu a ƙarƙashinsa. Ta farko: tsatsa na samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da iska da danshi. Ta biyu: duk inda aka raba ƙarfe da ɗaya daga cikin biyun nan, ba zai yi tsatsa ba. Ta uku: shafa wa ƙofar ƙarfe fenti na sa ta daɗe. Ta huɗu: akwai ƙarafan da ba sa tsatsa ko sun shekara a ruwa, wannan kuwa abin a bincika ne. Dukkansu gaskiya ne. Ba a tambayar yaro wacce ce daidai, ana tambayarsa wacce ta fi kwanta masa a rai. Idan aka bi batutuwa da yawa, sai a ga inda yaro ya fi karkata: ko mai son hadda ne, ko mai neman ƙa'ida, ko mai neman amfanin abu, ko mai tambaya.

A 1979 ta nemi izinin gwadawa. Shugaba ya yarda, amma ya ce komai za a yi a makarantarsa a yi shi bisa tsari. Aka kwashi 'yan aji uku aka kai su zauren jarrabawa, aka rarraba tebura, kowa ya rubuta sunansa a sama, mataimakin shugaba yana kai da kawo a tsakani hannuwansa a baya. Malama ta tsaya a gaba ta ce, "Ku kwantar da hankalinku, duk daidai ne." Ta maimaita, ta sake maimaitawa. Daga ranar sunan ya kama ta.

Da aka tattara, kusan kowa maganar hadda ya zaɓa, tun daga batu na farko har na ƙarshe. Jan Biro ya duba ya ce, "To Malama, ga shi yaran da bakinsu sun ce hadda suke so. Sai a bar mu mu ci gaba da aikinmu."

Ta karɓi takardunta ta fita. Amma bayan kwana biyu, a bakin famfon makaranta, ta tare wata ɗaliba mai baki, wadda a aji ba ta barin malami ya huta, ta ce, "Ke ma hadda? Ke da ko sunan sinadari ɗaya ba kya iya riƙewa zuwa gobe?"

Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Haba Malama, ai mun gane tarkon. An taɓa yin jarrabawar da duk daidai ne? Mun duba wadda ta fi kama da abin da ake rubuta mana a allo ne kawai. Ni ta huɗun nake zaɓa, sai in ga mataimaki ya nufo ni, in goge."

Nan Malama ta gane cewa ba son yara ta auna ba, tsoronsu ta auna. Yaron da ya shekara tara ana koya masa cewa amsa ɗaya ce, kuma tana cikin kan malami, ba za ka zaunar da shi a zauren jarrabawa ka ce ya faɗi ransa ba.

Awo na biyu

A 1980 ta sake, amma a wannan karo ta hana a kira shi jarrabawa. A ɗakin gwaje-gwaje aka yi, yara na zaune a kan dogayen bencina kafaɗa da kafaɗa, babu mai sa ido, babu suna a takarda sai wata alama da kowa ya zaɓa wa kansa. Kafin a fara ta ɗaga ƙyalle ja da kore ta ce, "Wanne ne daidai?" Can wani daga baya ya ce, "Malama, ai ya danganta da wanda zai sa." Aka kwashe da dariya, ta ce to haka takardar gabansu take.

Sakamakon ya fito daban. Yara sun rarrabu gida huɗu. Bayan an yi tankaɗen shekarar, ta roƙi kowa ya nuna mata alamarsa, ta haɗa sakamakon awon da na tankaɗen. Sai ga shi waɗanda suka tsallake layi galibinsu masu son hadda ne, waɗanda aka cire kuwa galibinsu masu tambaya ne da masu neman amfani. Ta maimaita awon a makarantu da dama cikin shekara uku, abin bai sauya ba. Da wannan bincike ta karɓi digirinta na biyu a 1983.

Taron ma'aikatar ilimi

A 1984 aka kira ta ma'aikatar ilimi, ta tafi tare da Jan Biro, tana murna za a soke tankaɗe. Ashe ba haka ba ne. Babban sufeto ya tarbe ta da fara'a ya ce, "Malama, kin hutar da mu. Da awon nan naki za mu riƙa rabon. Masu hadda da masu ƙa'ida su zauna a kimiyya, masu amfani a tura su koyon sana'a. Masu tambaya kuma," ya yi dariya, "su je su zama lauyoyi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban auna wanda ya iya da wanda bai iya ba. Na auna ta wace ƙofa yaro ya fi son shiga ne. Ranar da aka fara cire yara da shi, kafin zango ya ƙare sun gano amsar da ake so, kowa ya ba ku ita."

Sufeto ya ce magana ce mai daɗi, amma wa ya tabbatar cewa yaran da ake cirewa za su iya kimiyyar?

Ta ce a ba ta waɗanda za a tankaɗe a makarantarsu a wannan shekara, ta riƙe su shekara biyu, su zana jarrabawar kammala sakandare tare da kowa.

"Idan suka faɗi fa?"

"Ku ɗauki awon ku yi yadda kuka ga dama da shi, ni kuma in ajiye alli."

Aka ce babu ɗakin da za a ba ta. Sai Jan Biro ya yi gyaran murya ya ce yana da wani sito a bayan makaranta da ake tara karyayyun kujeru. Ya juya gare ta ya ce, "Amma ki sani, Malama, ni ban yarda ba. Ɗaki kawai na bayar."

Ajin baya

Haka aka buɗe abin da makaranta ta riƙa kira ajin baya. Ɗaki ne mai taga ɗaya, rufinsa na yoyo, bencinansa daga karyayyun kujerun nan aka harhaɗa su. Maigidanta ya riƙa kawo tsofaffin bututu da ma'aunan ƙarfin ruwa da aka daina amfani da su a wurin aikinsa. Wata rana yana sauke kaya ya ce mata, "Ni ma duk amsata daidai ce a gidan nan?" Ta ce, "Taka kam sai an duba, Baban yara."

Yadda take koyarwa shi ne, kowane darasi sai ta shiga da shi ta ƙofa huɗu. Masu neman amfani su fara da bututu a hannu, masu tambaya su fara da abin da ya ɗaure musu kai, masu ƙa'ida su nemo abin da ya haɗa misalan. Amma ba ta yarda kowa ya tsaya a ƙofarsa ba. Kafin a bar darasi, dole kowa ya haddace abin haddacewa, domin ta sha gaya musu cewa mai duba jarrabawar ƙarshe bai san ƙofar kowa ba.

Zangon farko bai yi kyau ba ko kaɗan. Yaran sun riga sun yarda cewa ba su da kan kimiyya, makinsu ya fito ƙasa ƙwarai, malamai suka fara yi mata jaje tun da wuri. Wata uwa ta zo har ƙofar siton ta ce, "Malama, an ce ɗana ba zai iya ba, mun haƙura. Ke kuma kin zo kina tayar masa da rai. Idan ya tashi ba nan ba can, ke za ki riƙe shi?" Malama ta ce, "Yaya, shigo ki zauna ki ga abin da yake yi." Matar ta shiga ta tarar da ɗanta a gaban allo, yana yi wa 'yan uwansa bayanin yadda ruwa ke hawa bene ba tare da an ɗauke shi a ka ba. Ta zauna har aka tashi, ta tafi ba ta sake maganar cire shi ba.

A 1986 suka zana jarrabawa. Da sakamako ya iso, fiye da kashi uku cikin huɗu na ajin baya sun ci darussan kimiyya, kusan kafaɗa da kafaɗa da ajin gaba. Wadda ta fi kowa maki a ilimin sinadarai a duk makarantar daga siton ta fito. Akwai 'yan kaɗan da suka faɗi, kuma har ta tsufa Malama tana ambatonsu ɗaya bayan ɗaya, tana cewa da ta sami ƙarin zango guda da su.

Jan Biro da kansa ya karanta sakamakon a gaban taron ɗalibai, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya sauko ya tsaya a gabanta ya ce, "Malama, wato sitona ba zai dawo ba ke nan."

Soke tankaɗe da sauran shekarun aiki

A 1987 shugaban ya soke tankaɗe a makarantarsa tun kafin umarni ya zo daga sama. Ma'aikata ta yi jinkiri irin nata, ta aiko masu bincike, ta sa aka gwada a wasu makarantu, daga ƙarshe a 1991 aka soke shi a duk yankin. Aka mai da Malama kwalejin horar da malamai, inda ta shafe sauran shekarun aikinta tana koya wa malaman kimiyya yadda ake awon da yadda ake aiki da shi a aji. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba ta taɓa sassauta shi ba: kada a yi shi a zauren jarrabawa, kada kuma a cire yaro ko a ɗauke shi da abin da ya zaɓa. Ta karɓi digiri na uku a 1995, ta yi ritaya a 2006.

Shekarun ƙarshe, rasuwa da waɗanda ta bari

Bayan ritaya ta zauna a gidan da suka gina kusa da tsohuwar makarantarta. Ƙofarta ba ta rufuwa: yau ma'aikaciyar jinya ce ta zo gaisuwa, gobe mai haɗa injinan ban ruwa, jibi malamin jami'a, duk 'yan ajin baya da waɗanda suka biyo su. Maigidanta ya rasu a 2011. Idonta ya yi rauni daga baya, sai jikoki ke karanta mata, ita kuma tana tsayar da su da tambaya har su ce, "Kaka, ke za a yi wa karatun ko mu?"

Allah ya yi mata rasuwa a shekarar 2019, bayan gajeriyar rashin lafiya, tana da shekara saba'in da uku. An yi jana'izarta a ƙofar gidanta, jama'a suka cika titin har bakin makaranta, aka binne ta a maƙabartar unguwa kusa da mijinta.

Ta rasu ta bar 'ya'ya biyar da jikoki da dama. Babban ɗanta injiniyan gadoji ne. Mai bi masa likitar yara ce. Na uku ɗan kasuwa ne, wanda yakan ce shi kaɗai ne a gidan aka bari ya gudu daga kimiyya da ƙafarsa. Ta huɗu ma'aikaciyar gidan rediyo ce. Autarsu kuwa malamar kimiyya ce a makarantar da mahaifiyarta ta koyar. Ita ce ta ba da labarin cewa bayan rasuwar, ta tsaya a gaban 'yan aji huɗu za ta gaya musu ko wace ce aka rasa, sai ta fara da tambayarsu ko sun san abin da ake kira tankaɗe a makarantar nan. Yaran suka dubi juna. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin labarinsa.

Allah ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya albarkaci abin da ta bari.